To, Me Aka Ce a Wurin Taron?

(Taken shiri)

    

Yau hirarmu a kan magana ce a gaban jama'a, ire-irenta da ladubbanta. Zan fara da wata tambaya da kowa ya san ta. Duk wanda ya je taro ya dawo, tun bai cire takalmi ba za a tare shi: "To, me aka ce?"

Shekarun baya na halarci bikin raba kyaututtuka a wata makarantar firamare. An jera yara tun da hantsi, rumfa kuwa ta manya ce kaɗai. Babban baƙo mutum ne mai ilimi na gaske, ya kuma zo da kyakkyawar niyya. Ya yi kusan awa guda kansa na sunkuye yana karanta takarda, rabinta Turanci. Da aka tashi, sai na ji wata tsohuwa da ba ta samu shiga ba tana tambayar jikarta a bakin ƙofa: "Ke kishiya, me aka ce?" Yarinyar ta yi shiru, can ta ce, "Wallahi Iya, an dai yi magana da yawa." Wannan amsa ta tsaya mini a rai har yau. Bawan Allah ya zo da alheri a cikinsa, amma da alherinsa ya koma gida, ko yaro ɗaya bai samu rabo ba.

Tun ranar na riƙe ma'auni guda: jawabinka shi ne abin da mai sauraro ya iya kaiwa gida. Sauran duk iska ta kwashe. A 1937 ne Alhaji Abubakar Imam ya fara fitar da littafinsa a Zariya, ya sa masa suna Magana Jari Ce. Duk ɗan kasuwa ya san jari ba ya haihuwa a aljihu, sai ya fita daga hannu zuwa hannu. Haka magana take. Sai ta bar bakinka, ta shiga kunne, ta zauna a zuciya, ta fito a bakin wani, sannan ta fara riba.

Kafin mutum ya miƙe a taro, ya kamata ya san wane irin jawabi aka kira shi ya yi. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, masanin nan na ƙasar Girka, Aristotul, wanda littattafan Larabci ke kira Arisɗo, ya kasa jawabi gida uku: na majalisa, inda ake shawarar abin da za a yi gobe, na kotu, inda ake bin diddigin abin da ya faru jiya, da na biki, inda ake yabo ko zargi. Mu kuwa idan muka duba tarukanmu, daga zaure zuwa filin idi, za mu tarar da iri huɗu.

Na farko, jawabin ilmantarwa. Shi ne na malami a aji, na malamin gona a gindin bishiya, na ma'aikaciyar lafiya ranar awo, na mai shela da mai unguwa ya tura lungu-lungu. Buƙatarsa ɗaya ce, a gane. Malamin gona da ya ce wa manomi ya zuba giram kaza na taki, ya faɗi gaskiya, amma manomi ba shi da sikeli a gona. Wanda ya ɗaga murfin kwalba ya ce, "Cikin wannan, a gindin kowace shuka," ya gama magana. Manomin zai koma gida ya nuna wa ƙanensa, ƙanen ya nuna wa maƙwabci.

Na biyu, jawabin shawo kai, wato wanda ake so ya sauya tunani ko ya motsa mutane su yi wani aiki. Nan wa'azi yake, na masallaci da na coci. Nan jawabin ɗan siyasa yake, da na lauya a gaban alƙali, da muhawarar 'yan makaranta. A watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Balewa, tsohon malamin makarantar Midil ta Bauchi, ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya nemi a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi. A wancan zamani wannan magana ce mai nauyin gaske, taɓa ta sai mai ƙarfin hali. Bai zagi kowa ba. Ya jero halin da talaka ke ciki, ya kawo dalili bayan dalili cikin ladabi, maganar kuma ta zama ɗaya daga cikin tushen gyare-gyaren da suka biyo baya. A wannan wata dai aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta. Ƙarfin Malam Aminu shi ne yana yi wa talaka magana da Hausar da talaka ke yi a gidansa, da misalan haraji da jangali da aikin tilas, abubuwan da suka taɓa fatar jikinsa. Hajiya Gambo Sawaba ta hau dandamali a lokacin da ake ganin hawansa ba na mace ba ne, ta sha ɗauri sau da dama, tana kiran a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai 1976.

Na uku, jawabin biki da al'ada: maraba da baƙi, godiya, ɗaurin aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani, naɗin sarauta, jawabin sarki ga talakawansa ranar Sallah, da ta'aziyya. Wannan iri yana da hanyar da aka riga aka share, aikin mai magana shi ne ya bi ta da natsuwa. Ku dubi ɗaurin aure. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki, shaidu su ji, liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar. Cikin 'yan mintuna an ƙulla zumuncin da zai kai jikoki. A gidan makoki kuwa, "Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ku haƙuri" ta fi doguwar lacca, domin zuciyar da ke ciwo ba ta ɗaukar kaya mai nauyi.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi alhali shi ya fi wuya, jawabin sulhu. Dattijo ya zauna tsakanin manomi da makiyayi, ko tsakanin miji da mata, ko tsakanin 'yan'uwa a kan gado. A nan mai magana ba ya neman rinjaye. Yana neman kowa ya tashi da mutuncinsa. Shi ya sa za ka ji ya fara da tuna musu zumuncin iyayensu, ya yi hannunka-mai-sanda maimakon nuna yatsa, ya ba kowa gaskiyarsa kafin ya nuna masa kuskurensa.

Yawancin jawaban da ke lalacewa, a nan suke tuntuɓe. An kira mutum ya yi godiya, sai ya ɓuge da yaƙin neman zaɓe. An ce ya yi wa ango da amarya nasiha, sai ya kwance tarihin kansa. Kowace miya da tuwon da take tafiya da shi.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Jama'a masu sauraro, ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan jawabi a gaban jama'a. Mun ji ire-irensa, yanzu sai yadda ake isar da shi.

Farkon abu niyya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labarin mahaifinsa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Infaƙul Maisuri. Ya ce idan Shehu zai fita wa'azi yakan ɗan tsaya a cikin gida ya yi wasu kalmomi. Da ya tambaye shi, sai Shehu ya bayyana masa cewa niyyarsa yake sabuntawa, yana kuma roƙon Allah ya fahimtar da mutanen abin da zai faɗa. Ku lura da abin da ya roƙa. Fahimtar jama'a ce damuwarsa, ba yabonsu ba. Bello ya ƙara da cewa idan ya iso yakan gai da mutane da sakin fuska kafin ya fara. Shimfiɗar fuska dai ta fi ta tabarma. To kai ma, kafin ka karɓi lasifika, tambayi zuciyarka: don su amfana na miƙe, ko don a ce na iya?

Na biyu, ka san waɗanda ke gabanka. Shehu masanin Larabci ne, amma da Fulatanci da Hausa yake yi wa jama'a wa'azi. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tsara karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, ta ɗora wa matan da ake kira jaji, shugabannin ƙungiyarta ta 'yan taru, su kai wa matan ƙauye. Ta san wadda ke daka da surfe ba ta da hannun riƙe littafi, amma tana da kunne da baki. Wannan shi ne sanin mai sauraro. Yau sai ka ga mutum a taron ƙauye, kowace jimla sai ya tsoma mata Turanci ko Larabci bai fassara ba. Idan kalmar dole ce, faɗe ta ka warware ta. Idan don ado ce, bar ta a gida. Tambayi masu taro tun kafin ranar: su wa za su zo, dattawa ne ko matasa, me ke damunsu, minti nawa aka ba ni? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, ka zo da magana ɗaya. Kafin ka bar gida, gwada faɗar saƙonka a numfashi guda. "Ku kai yara rigakafi ranar Laraba." "Kada a cire yarinya daga makaranta." "Mu gyara magudanar ruwa kafin damina." Idan kai mai jawabin ka kasa taƙaita shi, yaya jikar tsohuwar nan za ta iya? Idan ka samu wannan jimla, ita ce ginshiƙin ɗaki. Buɗewa ta kai gare ta, misalai biyu ko uku su tallafe ta, rufewa ta maimaita ta tare da faɗa wa mutane abin da za su yi idan sun tashi.

A nan sai mu taɓo gaisuwa. Al'adarmu ta girmama manya, kuma daidai ne ka ce "Allah ya ja zamanin sarki," ka ce "Allah gafarta malam," ka gai da iyaye mata. Amma idan mai gabatarwa ya riga ya jero sunaye da muƙamai, ba sai kowane mai magana ya sake jero su ba. Gai da uban taro, ka haɗa sauran ka ce kana gai da kowa gwargwadon matsayinsa. Kunne ya fi kaifi a mintunan farko, kada ka ƙarar da su kafin ka taɓa gundarin magana.

Na huɗu, gaskiya da hujja. Arisɗo ya ce abu uku ke sa a yarda da mai magana: halinsa, dalilinsa, da yadda ya taɓa zuciya. Hali ne kan gaba. Mutane sukan saurari mutum kafin su saurari maganarsa. Wanda aka san shi da cin amana, ko zuma yake zubarwa daga baki ba za a lasa ba. Kada ka faɗi adadin da ba ka tabbatar ba. Kada ka jingina wa malami ko shugaba maganar da ka tsinta a WhatsApp. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a zamanin nan kowane aljihu da waya mai naɗar murya.

Magana zarar bunu ce. Ni da nake zaune a gaban makirufo, ba na manta abin da ya faru a Ruwanda a 1994, inda wani gidan rediyo ya yi ta zuga mutane a kan maƙwabtansu, aka hallaka kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100. Da baki aka fara kafin a ɗauki adda. Duk wanda Allah ya ba shi fasahar motsa zukata, ya san wuta ce aka damƙa masa. Tana dafa abinci, tana kuma cinye gari. Soki aiki, ka bar ƙabila da addinin mutum da asalinsa.

Na biyar, taƙaitawa. Sahabi Ammar ɗan Yasir ya taɓa yin huɗuba gajeriya mai ratsa jiki, aka ce masa ina ma ya ƙara. Sai ya sanar da su cewa ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum. Abdullahi ɗan Mas'ud kuwa ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi. Da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum, ya ƙi, don gudun kada su gundura. A Amurka ma, ranar 19 ga Nuwamba, 1863, a maƙabartar sojoji ta Gettysburg, shahararren mai jawabi Edward Everett ya yi awa biyu yana magana. Shugaba Abraham Lincoln ya biyo bayansa da kalmomi kimanin 270, cikin minti biyu. Na Lincoln ne 'yan makaranta ke haddacewa har gobe. Lokacin da jama'a suka ba ka amana ce. Wani rumfarsa ya rufe, wata jariri ta bari a gida. Idan an ba ka minti goma, sauka a na tara. Kuma idan ka ce "daga ƙarshe," to ya zama ƙarshen ne.

Na shida, murya da jiki. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce Manzon Allah ba ya zuba magana ratata. Yana furta ta dalla-dalla, har mai son ƙirga kalmomin zai iya ƙirgawa. Anas ɗan Malik ya ce yakan maimaita magana sau uku don a gane. Wannan darasi ya ishi kowa. Ku nemi muryar Tafawa Balewa ta ranar 1 ga Oktoba, 1960 a Legas, ko ta ranar 7 ga watan a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. Ba ihu, ba gaggawa, kowace kalma sai ta zauna kafin ta gaba ta taso. Da haka aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Shiru ma wani ɓangare ne na jawabi. Idan ka faɗi magana mai nauyi, dakata kaɗan, ka bar ta ta nutse kamar ruwan farko a busasshiyar ƙasa.

Tsaya da ƙafafunka biyu. Ɗaga kai ka dubi mutane, dama da hagu da na can baya, har da ɓangaren mata, kada idonka ya maƙale a kujerun manya. Bar tazarar kamar taƙi guda tsakanin bakinka da makirufo. Lasifika ta riga ta ɗauke maka wahalar ihu. Kuma ka riƙa karanta fuskoki, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Idan ka ga an fara hamma ana duba waya, kawo misali ko ka nufi rufewa.

Sai batun takarda. Akwai jawabin da dole a karanta shi kalma bayan kalma, kamar kasafin kuɗi ko sanarwar hukuma, inda kuskuren harafi ɗaya kan jawo rigima. Ko shi ma, karanta shi a gida da ƙarfi sau da yawa har idonka ya samu damar barin takarda. Haddace jawabi dungurungum kuwa yana da haɗari, kalma ɗaya ta kuɓuce sai duka ya warware kamar carbi ya tsinke. Mafi dacewa ga yawancinmu ita ce 'yar takardar tuni mai ɗauke da kanun magana uku ko huɗu. Idan kuma ba-zata aka yi maka, aka ce "Malam zai ɗan ce wani abu," yi sallama, faɗi abu ɗaya, kawo misali ɗaya, yi addu'a, zauna. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rasa ganinsa a ƙarshen rayuwarsa, amma har zuwa rasuwarsa a 2017 idan ya karɓi magana zaure kan yi tsit. Ba takarda a hannunsa. Abin da yake faɗa ya daɗe da zama a ƙirjinsa, saboda shekarun da ya yi yana karatu da sauraron manya.

Na san akwai mai saurarona yanzu da ke cewa, "Ni da na miƙe gabana ke faɗuwa, maƙogwaro ya bushe, gwiwa ta yi sanyi." Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce, ba kai kaɗai ba ne. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka aike shi wurin Fir'auna, sai da ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirji ya warware masa ƙullin harshe, kuma dalilin da ya bayar shi ne don a fahimci maganarsa. Maganin fargaba shiri ne da sabo. Ja numfashi mai zurfi kafin ka fara. Riƙe jimlarka ta farko da kyau, idan ta fita lafiya sauran za su biyo ta. Fara daga ƙaramin wuri: taron dangi, ƙungiyar unguwa, muhawarar makaranta. A farkon shekarun 1940, a wani zauren tattaunawa a Bauchi, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Balewa suka riƙa wasa harsunansu kafin duniya ta san su. Yau da gobe ke sa allura ta haƙa rijiya. Iyaye da malamai, idan yaro ya miƙe yana in'ina, kada a yi masa dariya. Dariyar rana ɗaya takan rufe bakin mutum shekara talatin.

Jama'a, agogo ya nuna lokacinmu ya ƙure, kuma bai kamata mai kiran a taƙaita ya zarce ba. Ga aikin da zan bar muku. Duk ranar da aka ce za ku yi magana a taro, ku samu yaro ɗan shekara goma a gida, ku faɗa masa abin da kuke shirin faɗa, sannan ku tura shi wurin kakarsa ya maimaita. Idan saƙon ya isa da ƙafafunsa, ku tafi taro da ƙwarin gwiwa. Idan ya zube a hanya, ku koma ku rage, ku sauƙaƙa. Domin a bakin kowace ƙofar taro akwai tsohuwar da ba ta samu shiga ba, tana jiran jikarta da tambaya, kuma haƙƙinta ne ta samu amsa.

Yanzu ma idan an rufe rediyo wani zai tambaye ku me aka ce a shirin yau. Ku ce masa: an ce jawabi shi ne abin da mai sauraro ya kai gida.

Allah ya sa harsunanmu su zama sanadin gyara, ya tsare mu daga furucin da za mu yi nadama.   

(Taken rufewa)